Ƙafar Sharafa a Kan Tiyo

Ni tela ne, injin da na sani bai wuce keken ɗinkina ba. Amma shekara talatin da bakwai shagona yana kallon garejin Sharafaddeen a Nasarawa Gwom, hanya ce kawai ta raba mu, kuma wanda ya zauna haka zai ga wasu abubuwa ko da bai nema ba. Sharafa muke ce masa. Shi kuma bai taɓa kirana Jabir ba, Tela yake cewa, tun muna da baƙin gashi.

Kakansa ya zo Jos a ƙafa lokacin da Turawa ke haƙar kuza, ya ɗauki kwanon ƙasa a ka har gashin tsakiyar kansa ya ƙare. Ubansa ya yi gadin injunan kamfani. Sharafa kuwa tun yana saurayi ya shiga ƙarƙashin mota, bai fito ba sai da furfura.

Da kunne ya yi suna. Yana da wani dogon sukudireba mai ƙotar katako. In an kawo mota sai ya ce a tayar, ya ɗora bakin ƙarfen a jikin injin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Direbobin tashar Titin Bauchi sukan tsaya shiru kamar masu jiran hukunci. Can sai ya ce, "Kashe. Fistin na uku ne, ringinsa ya gaji." A buɗe a tarar haka ne. Ya taɓa gaya mini cewa kowane inji murya biyu gare shi, akwai ta lokacin da yake ɗauke da kaya, akwai ta lokacin da yake gudu a banza. Ya ce kamar mutum ne da ke magana da buhu a ka, da kuma bayan ya sauke. Na ce to. A lokacin ban ga abin da zan yi da wannan sani ba.

Injuna uku yake girmamawa: na Fijo 504, da na tsohuwar Marsandi mai shan dizal, da na babur Honda 125. Na ukun nan yana da shi. Ya sayi babur ɗin na hannu a shekarar da aka haifi ɗansa Uzairu, yana kiran injin Dattijo. Okwudili mai sayar da kayan gyara a gefen shagona ba ya gajiya da tsokanarsa a kai.

"Oga Sharafa, wannan yayan Uzairu naka, ka bar shi ya huta mana. Ka ba masu gwangwan. Ni ina da sabo a kwali, ko leda ba a cire ba."

"Wanda ka sayar wa mai wanki bara yana ina?"

"Ah, wannan shi ne bai iya riƙewa ba."

"Dattijo ya ga sababbinka guda nawa sun zo sun tafi. Ka ba shi baƙin mai a kan lokaci, ka wanke masa filogi, shi ke nan. Bai taɓa mutuwa a hanya ba."

"Wata rana fa?"

"Ran nan ni da kai ba ma nan."

Okwudili ya yi dariya ya ce zai rubuta a bango. Gaskiyar Sharafa ce kuwa, ban taɓa ganin yana tura babur ɗin nan ba.

Daga baya abubuwa suka canja. Aka hana acaɓa a cikin gari. Motoci masu kwamfuta suka yi yawa, waɗanda ake jona wa na'ura ta faɗi ciwonsu, masu neman kunnen bakanike suka ragu. Uzairu da acaɓa yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa uku, sai ya koma ga abin da kakan ubansa ya zo yi. Ya haɗa kai da wani abokinsa Pwajok, wanda gonar gidansu can bayan Bukur take da kuza a ƙarƙashinta, suka fara haƙa.

Dole in faɗi yadda ramin yake, don a nan maganar take. Rijiya ce madaidaiciya, zurfinta ya ɗan haura ƙafa ashirin. A ƙasanta sai a yanki wani lungu a gefe, mai bin jijiyar kuza, wanda sai da rarrafe ake shiga. Lungun yana ɗan hawa sama yayin da yake nisa. Ruwa kuwa ba ya daina tsattsafowa a gindin rijiyar. In famfo ya tsaya na rabin awa, ruwan zai rufe bakin lungun, waɗanda ke ciki su zama ba su da ƙofa. Sun zura wani tsohon bututun ƙarfe daga sama har cikin lungun, don iska, kuma don sanarwa. Bugu ɗaya, a ja buhu. Bugu uku a jere, akwai matsala. Na ƙasa ba sa ganin komai sai abin da fitilar goshinsu ta haska. Da kunne suke aiki. Muddin suna jin ƙarar inji daga sama, suna ci gaba da sara.

Famfon da suka fara saye, injinsa ya mutu musu sau biyu a wata ɗaya. Na biyun sun fito da ruwa a ƙirji. Sharafa ya samu labari. Washegari na ga ya kwance Dattijo daga jikin babur. Kwana huɗu yana aiki. Ya ɗaure injin a kan katako mai kauri, ya haɗa shi da famfon da bel, ya sa masa fankar wata tsohuwar mota don kada ya yi zafi tunda ba gudu zai yi ba. Na tsallaka na tambaye shi. Ya ce, "In ɗana zai shiga ƙasa, injina ne zai tsaya masa a sama." Kuma bai yarda kowa ya zauna wa injin ba sai shi. Ya riƙa rufe gareji yana bin su kullum da safe, sai da yamma ya buɗe.

Mutanen ramin suka samu kwanciyar hankali. Inji ne da ba ya mutuwa, ga kuma mai kunnen da duk Jos ta sani yana zaune kusa da shi.

Ni ne ban samu ba, don na ga wasu abubuwa kafin nan.

Na ga in an yi masa sallama ta baya ba ya amsawa. Na ga ba ya tashi don kiran salla sai ya ga mutane sun miƙe. A sahu yana makara wajen ruku'u, kafaɗar na kusa da shi yake bi. Na ga ƙotar sukudireban nan ta bar kunnensa ta koma ƙashin bayan kunne, daga baya kuma na ga ya cije ta da haƙori, yana yi kamar wasa. In kana magana bakinka yake kallo. Ya iya ɓoyewa ƙwarai. In bai kama magana ba sai ya yi dariya ya ce, "Kai dai bari," kuma wannan amsa tana shiga kusan ko'ina.

Ban ce masa komai ba. Mutum irinsa ba a tarar sa da irin wannan magana, ana jira ne ya faɗa da bakinsa. Haka na gaya wa kaina, damina ɗaya ta wuce, ta biyu ta shigo.

Ƙarshen damina ta biyun ne matarsa Mariya ta shigo shagona da wani yadi da ba ya bukatar ɗinki. Ta zauna a benci, ta gaishe ni, ta tambayi iyali, ta yi ta juya yadin a cinya.

"Malam Jabir, abokinka fa."

"Lafiya dai?"

"Shekaranjiya tukunya ta suɓuce mini a bayansa. Har maƙwabta sun leƙo. Shi bai waiga ba."

Na sunkuya ina gyara zaren keke.

"Ka sani ke nan," in ji ta.

"Na ɗan lura. Uzairu fa?"

"Uzairu cewa yake tunani ne ya yi wa babansa yawa. Ni kuwa in na ɗauko maganar sai maigidan ya ce in sa masa ruwan wanka." Ta ninke yadin. "Kullum mutum biyu nake sallama da safe. Ɗaya zai shiga rami, ɗaya zai saurara masa. Ni kaɗai na san wanda zai saurara ɗin yadda yake. Abinci ma ba ya wuce mini. Kai yake jin nauyi, ka yi masa magana."

Na ce zan yi. Na kwana uku ina shirya yadda zan fara. Ran Talata na rufe shago na bi su, na ce ina so in ga wurin ne.

Fili ne mai jar ƙasa, tsibin yashi ko'ina, ga ciyawa ta yi tsawo. Ƙasa ta sha ruwa har tana nutsewa a ƙarƙashin takalmi. Can gangare, bayan wani babban tsibi, akwai tsohon tafkin da kamfani ya bari. Nan tiyon famfo yake zubar da ruwa, nan kuma mata suke wanke ƙasar da aka fitar, cikinsu har da Cordelia matar Pwajok. Daga bakin rami ba a ganin tafkin.

Na ga Uzairu ya ɗaura fitila a goshi, ya kama igiya. Ya ce, "Baba Tela, ko za ka leƙa ne? Akwai sanyi a ciki, ya fi shagonka." Na ce na gode. Ya sauka, Pwajok ya bi shi. Wani yaron aikinsu mai suna Jika da wani mutum ɗaya suka tsaya a sama suna jan buhu.

Sharafa ya taka kik ɗin Dattijo da ƙafa sau ɗaya, injin ya tashi. Ya jawo wani dutse ya zauna dab da injin, ya cire takalmi, ya ɗora tafin ƙafarsa ta dama a kan tiyon da ke kai ruwa tafki. Na ɗauka ƙafar ce ke masa ciwo, yana neman sanyi. Haka ya zauna awa uku bai ɗaga ta ba. Ni ina gefe, ƙara ta cika mini kai, ba halin magana.

Wajen sha biyu buhuna suka taru, Jika da ɗayan mutumin suka fara kwasa zuwa tafki, suka ce za su ci abinci a can. Muka rage mu biyu. Na ce a raina ga lokacin. Akwai wata bishiyar turare kamar taku talatin daga ramin. Na taɓa kafaɗarsa na nuna masa inuwar.

Ya dubi ƙafarsa. Ya dube ni.

Na ɗaga yatsu biyar, minti biyar kawai. Na nuna kunnena na nuna injin, wato a nan ba za mu ji juna ba.

Ya daɗe bai motsa ba. Sai ya ɗaga ƙafar, ya sa takalmi, ya biyo ni. Daga baya na gane abin da na roƙe shi. Ba shi da hanyar ƙi sai ya faɗi dalili.

A inuwar na ɓare goro na ba shi rabi. Na fara da idona. Na ce yanzu sai na yi sau biyar kafin in zura zare a allura. Na ce da farko na ɓoye, ina cewa allurar zamani ce ƙanana, har na ɗinka wa wani aljihu a baibai. Na ce da na sa tabarau sai na ga ashe ba wani abin kunya ba ne. Yana kallon bakina yana gyaɗa kai.

"Tela, har daji ka biyo ni don ka ba ni labarin allura?"

"A'a. Cewa na yi jiki yana da lokacinsa. An ce akwai masu duba ido, akwai masu duba wasu wuraren ma."

"Kai dai bari," in ji shi, ya yi dariya.

Na sake kewayowa ta wata hanya. Na kawo labarin wani limami da muka sani. Minti biyar ɗin suka wuce, wasu suka bi su.

Ina cikin magana na ji muryar injin ta canja. Ba tsayawa ya yi ba, ko tari bai yi ba. Sauƙi kawai muryar ta yi, ta ɗan haura sama, kamar keken ɗinki in zare ya tsinke kana ci gaba da takawa. Na dubi fuskar Sharafa. A kwance take, yana tauna goro. Na ce a raina ni wane ne, ga mai abin a zaune. Na san abin da ya kawo ni wurin, amma duk da haka fuskarsa na gaskata, don shekara talatin da bakwai ita nake gani ana gaskatawa. Na ci gaba da labarin limami.

Ban san iya lokacin da ya wuce ba. Zai kai na kafa wa riga wuya.

Sai na ji ƙarfe yana amsawa. Kwal, kwal, kwal. Shiru. Kwal, kwal, kwal.

"Sharafa, wannan bugun fa?"

Ya ce, "Wane bugu?"

Muka kalli juna. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Ya miƙe da gudu, takalmi ɗaya ya fita, ya faɗi a kan gwiwa wajen tiyon ya dafa shi da hannu biyu. Tiyon ya lotsa a ƙarƙashin hannunsa, ba komai a ciki. Dattijo yana ta gudu lafiya lau, bel yana juyawa, famfo yana juyawa, ba ya jan ko ɗigo.

Na leƙa rijiyar. Da safe na ga bakin lungun, baƙi, a gefen gindinta. Yanzu ruwa na gani, jawur, yana rawa da hasken sama a kansa. Ƙarshen igiya yana yawo a ciki. Babu bakin lungu.

Na buɗe baki don in kira mutanen tafki, muryar da ta fito ko ni ban ji ta ba. Na cire hulata na hau tsibin yashi da rarrafe ina kaɗa ta. Cordelia ce ta fara ganina. Ta saki kwanon da ke hannunta.

Da na dawo Sharafa yana tsaye a kan injin, hannunsa a kan makunni, bai kashe ba. Na gane abin da ya tsayar da shi. Na ƙasa wannan ƙarar ce kaɗai ta rage musu. Amma ba a zuba wa famfo ruwa yana gudu, kuma famfon da ya sha iska ba ya sake ja sai an cika cikinsa da ruwa. Ya ce bismillahi ya kashe.

Shirun ya fi ƙarar muni. A cikinsa wata 'yar murya ta fito daga bakin bututun ƙarfen, siririya, kamar daga wani gari.

"Baba! Baba, don me ka kashe?"

Cordelia da Jika sun iso suna haki. Dukanmu muka juya ga bututun. Sharafa ya ga mun juya. Ya dubi bututun, ya dubi bakunanmu ɗaya bayan ɗaya.

"Magana yake? Me ya ce?"

Jika ya ce, "Baba, ba ka ji ba? Uzairu ne!"

"Ba na ji," in ji Sharafa. Da ƙarfi ya faɗa, irin ƙarfin wanda ba ya jin muryar kansa. "Ba na ji. Ku tsaya a gabana ku faɗa mini. Tela, me ya ce?"

Na tsaya a gabansa na faɗa. Ya durƙusa ya sa baki a bututun. "Famfo ya sha iska. Zan tayar. Ku hau can ƙarshe, ku zauna kusa da bututu." Ya ɗago. "Ruwa! Ku kawo ruwa, duk abin da zai ɗauki ruwa!"

Jika ya kama igiya zai sauka. Sharafa ya riƙe masa riga. "Ka sauka ka yi me? Ka zama na uku? Tafki!"

Muka juye jarkar ruwan sha a cikin famfon, da butar alwala. Mata suka riƙa zuwa da kwanonin wanke kuza, rabin ruwan yana zubewa a hanya. Cordelia tana gudu tana kiran sunan Yesu, ni ina ta salati ban san inda na tsaya ba. Famfon ya cika. Sharafa ya ɗaure murfin, ya taka kik. Dattijo ya tashi a bugu ɗaya.

Ya dafa tiyo. Tiyon ya kumbura, ya yi tsalle sau biyu, ya sake lotsawa.

Ya kashe. "Akwai inda yake tsotsar iska. Da ina ji da tuni na gano." Ya kama hannun Cordelia. "'Yata, kunnenki. Zan sake tayarwa. Ki bi tiyon da ke shiga rami, ki kwantar da kunne a kansa. Za ki ji kamar maciji."

Kafin mu gama sake cika famfon na lura bututun ya yi shiru. Ba bugu, ba murya. Cordelia ta sa baki ta kira mijinta sau uku. Ba amsa.

"Suna bugawa?" in ji Sharafa.

Na ce, "Suna bugawa."

Ya miƙa hannu ya dafa bututun. Ya daɗe yana dafe da shi, yana kallona. Bai ce na yi ƙarya ba. Ya koma ya taka kik.

Cordelia ta kwanta rub da ciki a cikin taɓo, kunnenta a kan tiyo, tana ja da gwiwar hannu zuwa bakin rami. Ta wuce taku ɗaya, ta wuce biyu. Dab da bakin, inda aka haɗa tiyo biyu aka ɗaure da robar tayar babur, ta ɗaga hannu. "Nan ne, Baba! Nan yake sha!" Girgizar inji ce ta kwance ɗaurin a hankali. Tun da na san Sharafa ba ya rabuwa da yankakkiyar roba a aljihu. Ya naɗe wurin, ya ja da haƙori, ya sake naɗewa. Ya kashe inji, muka cika famfon karo na uku. Ya tayar.

Ya ɗauki sukudireban, ya ɗora bakinsa a kan injin, ya cije ƙotar a gaban kowa. Da ɗayan hannun ya jawo ni gabansa. Ya cire ƙotar ya ce, "In muryarsa ta yi nauyi ka gyaɗa mini kai." Ni da ban san inji ba.

Na rufe ido kamar yadda nake ganin yana yi. Muryar tana sama, tana sama. Sai ta faɗo, ta yi kauri, kamar an ɗora wa mutum buhu. Na gyaɗa kai har wuyana ya yi ciwo. Tiyon ya miƙe ya yi tauri. Daga tafki wata mata ta yi ihu cewa ruwa ya zo.

Amma bututun bai yi magana ba. Na durƙusa na manna kunnena a bakinsa, na toshe ɗayan da yatsa. Da farko ƙarar inji kawai. Can na ji wani abu yana shiga yana fita, a hankali. Ya tsaya. Wani ya karɓa, mai sauri. Ashe iskar lungun ce ta yi musu kaɗan, suka daina bugu, suka riƙa sa baki a bututun suna shaƙa bi da bi.

Na tsaya a gaban Sharafa na ce, "Suna numfashi. Su biyu." Wannan karon bai dafa bututun ba. Ya zauna a ƙasa, ya ɗora ƙafarsa a kan tiyo.

Ruwan ya fi awa ɗaya kafin ya sauka. Ba wanda ya zauna sai shi. Muna leƙawa muna auna shi da wani farin dutse a bangon rijiyar. Kowane ɗan canji a muryar injin sai mu waiga. Dattijo bai yi ko tari ba. Da saman bakin lungun ya bayyana kamar faɗin tafin hannu, sai muka ga hasken fitila a ciki. Da ya kai kamu biyu, kan Pwajok ya fito, Uzairu yana tura shi daga baya.

Aka jawo su. Jikinsu ja da taɓo har wuya, leɓunansu sun yi fari, suna karkarwa. Pwajok ya yi ta amai. Cordelia ta riƙe kansa tana yi masa faɗa da yarensu tana kuka. Da ya samu numfashi, Jika ya gaya musu abin da ya faru. Pwajok ya juya ga Sharafa.

"Baba, tun yaushe?"

Sharafa bai ga bakinsa ba. Uzairu ne ya taso, ya zo ya tsuguna a gaban ubansa, ya maimaita tambayar a hankali.

"Damina biyu," in ji Sharafa. "Da ƙafa nake ji."

Na ce, "Ni na tayar da shi daga kan tiyon." Kowa ya ji in ban da shi, don a bayansa nake. Sai bayan kwana biyu na tsallaka na faɗa masa a gabansa. Ya ce, "Kai ka kira, ni na tashi." Ba mu sake maganar ba.

Labari ya kai tashar Titin Bauchi kafin mako ya ƙare. 'Yan tsirarun direbobin da suka rage masa suka daina zuwa. Okwudili bai ƙara tsokanarsa a kan Dattijo ba, in ya gan shi sai ya fito daga shago ya tsaya a gabansa ya gaishe shi. Uzairu ya kai shi aka duba kunnen. An ba shi wani ɗan abu na sawa, yana taimaka masa da maganar mutane, amma ya ce kusa da inji sai ya mayar da komai hayaniya ɗaya.

Bayan mako uku suka koma ramin, don ba wani aikin. Pwajok ne ya kafa sharaɗi. Aka yanka ganga aka ajiye a bakin ramin, ruwan famfo ya fara zuba a ciki kowa yana gani kafin ya gangara tafki. Cordelia ta bar wankin kuza, ita ke zama a bakin bututu. Pwajok ya so a nemi wani ya riƙe injin. Uzairu ya ce in ba babansa ba ne a sama, shi ba ya sauka. Mariya ta ce mini har yanzu ba ta cin abincin rana sai sun dawo.

Na sake zuwa sau ɗaya. Na tarar da shi a kan dutsen nan, ba takalmi, ƙafarsa a kan tiyo, idonsa a kan gangar. Uzairu ya ɗaura fitila, ya zo ya taɓa kafaɗarsa, ya jira har ya ɗago ya kalle shi, sannan ya ce, "Baba, mun shiga." Sharafa ya gyaɗa kai.

Na nemi dutse na zauna a gefensa cikin rana. Bishiyar turaren tana nan da inuwarta, ban ko dube ta ba.